Nobunaga's Ambition a kan NES: yaƙin da ake ci da shinkafa

Karon farko da na kunna Nobunaga's Ambition a kan NES, tsohuwar na'urar gem ta kamfanin Nintendo da ake haɗawa da talabijin, ban kai ga ba da umarnin mulki ko ɗaya ba aka kashe ni. Ba ƙari nake yi ba. Na zaɓi Hida, wani ɗan lardi da ke maƙale cikin duwatsun tsakiyar Japan, wai don in fara da ƙarami in nuna gwaninta, sannan na ɗora matakin wuya a kan 5, wato ƙarshensa, tunda ina ganin na ci dubu sai ceto a gem ɗin dabarun yaƙi. Aka fara kiran larduna ɗaya bayan ɗaya. Kafin layi ya zo kaina, rundunar Takeda, ɗaya daga cikin manyan gidajen sarakunan yaƙi, ta gangaro min daga gabas. Na ɗan yi kare-kare a fagen daga, aka tarwatsa rundunar da sarkina yake ciki, magana ta ƙare. Ƙanina da ke zaune a gefe ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Yaya, wannan ne gem ɗin da ka dame mu da zancensa wata guda?"

Shi ne kuwa. Kuma tun daga ranar ban daina buga shi ba.

Ga wanda bai san shi ba, asalinsa gem ɗin kwamfuta ne na kamfanin Koei. Yoichi Erikawa, wanda ya kafa kamfanin da matarsa Keiko a 1978 a garin Ashikaga, shi ya rubuta na farko da kansa da harshen kwamfuta na BASIC, ya fito a 1983, ya sa masa hannu da sunan aro Kou Shibusawa. Wancan na farkon larduna 17 kawai gare shi, duk a tsakiyar ƙasar. A 1986 aka fitar da wanda ake kira Zenkokuban, ma'ana na ƙasa baki ɗaya, a kan kwamfutar PC-8801, mai larduna 50 tun daga Ezo, wato Hokkaido ta yau, a can arewa har tsibirin Kyushu a kudu. Wannan na biyun ne aka mayar kan Famicom, wato sunan NES a Japan, a watan Maris na 1988, ya isa Amurka a kan NES a 1989 da Turanci. Shi nake magana a kai. Na buga na NES, na kuma buga na kwamfuta da ya fito da Turanci a kan tsohon tsarin kwamfuta na DOS, don haka kwatancen da zan yi tsakanin waɗannan biyun ne.

Ana fara wasan a shekarar 1560. Ba a banza aka zaɓi shekarar ba: a cikinta ne Oda Nobunaga, matashin sarkin Owari mai shekara ashirin da 'yan kai, ya auka wa Imagawa Yoshimoto a Okehazama da 'yar ƙaramar runduna ya kashe shi. Lokacin Japan ta yi kusan shekara ɗari a wargaje, kowane lardi da nasa sarkin yaƙin, wanda suke kira daimyo, kowa na hararar maƙwabcinsa. Kai ma ɗaya daga cikinsu za ka zaɓa. Burinka ka haɗe ƙasar a hannunka, abin da Nobunaga na gaskiya bai samu ba, domin hafsansa Akechi Mitsuhide ya yi masa juyin waina a haikalin Honnoji da ke Kyoto a 1582.

Wanda ya ga hoton jikin kwalin zai zaci takubba da sukuwar dawaki zai tarar. To ya shirya ganin lambobi. Abin da ke kan allo yawancin lokaci shi ne sunan lardinka, fuskar sarkinka, da jerin alƙaluma: zinariya, shinkafa, bashi, girman gari, yawan amfanin gona, ƙarfin madatsun ruwa, biyayyar talakawa, arzikinsu, yawan dakaru, ƙwarin gwiwarsu, horonsu, makamansu. Shekara kashi huɗu ce, bazara, damina, kaka da hunturu, kuma a kowane kashi umarni ɗaya tak kake da shi a kowane lardi. Ɗaya. Idan ka kashe shi wajen horar da dakaru, gona ta jira. Idan ka gyara gona, madatsa ta jira. A nan duk daɗin gem ɗin yake, a nan kuma duk baƙin cikinsa.

Ni aikina na lissafin kuɗi ne, wataƙila shi ya sa abin ya kama ni haka. Babu alƙalami ɗaya da za ka taɓa wani bai motsa ba. Ka faɗaɗa gonaki, amfani ya ƙaru, amma madatsun ruwa su yi rauni, talakawan da ka sa aikin kuma su fara gunaguni. Damina ta zo da guguwa, idan madatsunka ba su da ƙarfi, amfanin da ka yi wa wahala ya bi ruwa. Ka ɗaga haraji, baitulmali ya cika a kakar bana, biyayya ta zube, wata rana ka wayi gari manoma sun yi bore. Ka ɗebi sababbin dakaru da yawa don ka tsorata maƙwabta, sai horon rundunar ya ragu domin ka cika ta da 'yan koyo, makaman da kake da su ba su isa kowa ba, ga shi idan kaka ta yi kowannensu sai an ba shi haƙƙinsa na kuɗi da abinci. Haraji sau ɗaya yake shigowa a shekara, da kaka. Duk abin da ka kashe da hunturu, a aljihun damina ka ciro shi.

Wannan ba ƙirƙira ba ce daga masu gem ɗin. A Japan ta ƙarshen wancan zamani da bayansa da shinkafa ake auna ƙarfin sarki, da ma'aunin da suke kira koku, kusan lita 180, wanda ake ɗauka a matsayin abincin mutum guda na shekara. Sarki mai koku da yawa shi ke iya ciyar da runduna mai yawa. Gem ɗin ya ɗauki wannan ya mai da shi ƙashin bayansa. Har fagen daga shinkafar ke binka: idan za ka fita yaƙi sai ka faɗi dakaru nawa, shinkafa nawa za su tafi da ita, kuma kullum ci suke yi. Ranar da guzuri ya ƙare an ci ka da yaƙi, ko da rundunarka ta ninka ta abokin gaba. Na taɓa riƙe Owari da 'yan dakarun da ba su kai rabin na maharan ba, ban yi wani abin jarumta ba, zagaye kawai na riƙa yi da rundunar sarki a bayan tuddai har yunwa ta kore su. Da ƙanina ya ce wannan ai ragonci ne, na ce masa gudu da waiwaye shi ke kawo mugun zato, ni ban waiwaya ba.

Ga kuma ɗan kasuwa, wanda ba kullum yake garinka ba. Farashin shinkafa yana hawa yana sauka, mai haƙuri ya saya da araha ya sayar da tsada, ya sayi makamai da ribar. Yana ba da bashi ma. Na taɓa karɓa, da kaka ta zo aka zare kuɗin tun ban gan su ba, na rasa abin biyan dakaru, na rantse ba zan sake ba.

Fagen daga kansa ɗan ƙarami ne, gidaje-gidaje da aka jera a karkace yadda kowane gida ke da maƙwabta shida, da fili, da tuddai, da duwatsu, da ruwa, da gari, da ganuwa. Rundunarka kashi biyar ce: ta farko ita ce ta shugaba, ta biyu mahaya dawaki, ta uku 'yan bindiga, ta huɗu da ta biyar dakarun ƙasa. Mahari yana da kwana 30, idan bai yi nasara ba ya koma gida da kunya. Bindigogin nan su ne waɗanda Turawan Fotugal suka shigo da su tsibirin Tanegashima a 1543, waɗanda Nobunaga da Tokugawa Ieyasu suka yi wa rundunar Takeda Katsuyori ɓarna da su a Nagashino a 1575, kuma a gem ɗin ma runduna ta uku ce ke yin aikin da ake yabo. Gaskiya dai yaƙin ba shi da zurfin da mulkin ke da shi. Bayan fafatawa goma ka gane lagonsa: ka ɗora 'yan bindiga a wuri mai tudu, ka nisanta sarki daga baki, ka taru a kan rundunar farko ta abokin gaba. Yawancin yaƙe-yaƙe tun a rumbu aka gama su, fitowa fili cika umarni ne.

Abin da ke hana mutum barci shi ne ran sarki. A farkon wasa ana juya maka alƙaluman lafiyarsa, burinsa, sa'arsa, farin jininsa da basirarsa kamar caca, ka danna ka tsayar. Babu magaji. Idan ya mutu, ko a yaƙi ko a kan shimfiɗa, gidansa ya rushe, kai kuma ka koma farko. Shekaru suna tafiya, lafiya tana raguwa, har akwai umarnin hutu da ba ya yin komai sai jinyar sarki. Wanda ya zaɓi Mori Motonari, da aka haifa a 1497, ya san da agogo yake kokawa kafin maƙwabta. Idan kuma sarkin wani lardi ya mutu ba a fagen daga ba, sai a yi gwanjon ƙasarsa tsakanin maƙwabta, wanda ya fi taya ya ɗauka. Karon farko da na ga haka dariya na yi, wai ƙasa guda a gwanjo. Daga baya na gane shi ya sa ba a barin baitulmali fayau.

Nan ne kuma babbar ɓarakar gem ɗin take. Kana iya hayar ninja ka tura su su kashe sarkin maƙwabta. Idan abin ya ci, ƙasarsa ta faɗa gwanjo, kai da ka tanadi zinariya ka saye. Da zarar mutum ya gano wannan hanyar, rabin taswirar yana iya zuwa hannunsa ba tare da doki ɗaya ya yi gumi ba. Ni da ƙanina sai da muka yi yarjejeniya cewa ba kisan mummuƙe a tsakaninmu, yarjejeniyar da ya karya a mako na biyu.

To yanzu batun mayar da shi kan na'urar gem, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na zauna rubutun nan.

A tuna da yadda kasuwar take a 1988. Famicom na'urar yara ce a idon yawancin mutane, ta fito a 1983 a kan yen 14,800 na kuɗin Japan. Super Mario Bros. yen 4,900 aka sayar da shi. Dragon Quest III, da ya fito wata guda kafin Nobunaga, mutane suka yi masa dogayen layuka a Tokyo, yen 5,900 ne. Sai ga wannan kaset a kan yen 9,800, kusan kashi biyu bisa uku na kuɗin na'urar kanta, dogo ya fi sauran kaset-kaset tsawo, cike da lambobi, ba tsalle ba harbi. Abin da na fi yaba wa masu aikin shi ne ba su rage masa gishiri don a samu saye ba. Larduna 50 suna nan, wasan larduna 17 yana nan ga mai son gajere, matakan wuya biyar suna nan, mutum takwas na iya bugawa tare. Haraji, aure tsakanin gidajen sarauta, yarjejeniyar zaman lafiya, annoba, bore, duk an kwaso. Na yi ta neman wani babban abu da na sani a na kwamfuta wanda aka yar a hanya, ban kama ba.

Abin da aka rasa a hannu yake. A kwamfuta kana da kibod: ka buga lambar umarni, ka buga adadin, ka danna shiga, an wuce wurin. A NES maɓallai biyu ne na aiki, A da B, da gicciyen nan na juyawa. Duk adadin da za ka bayar, zinariya ce ko shinkafa ko dakaru, da babban yatsa za ka gina shi alƙalami bayan alƙalami. Lokacin da kake da lardi ɗaya ba komai ba ne. Lokacin da kake da goma sha biyar, kowanne na jiran umarninsa sau huɗu a shekara, yatsan zai gaya maka. Sau biyu na aika shinkafa ninki goma na abin da na yi niyya saboda hannu ya zarce, na bar babban lardina da rumbu wayam ana gab da yaƙi.

Amma zan faɗi wani abu da na san wasu ba za su yarda ba: jinkirin nan ya gyara min wasa. A kwamfuta hannuna ya fi tunanina sauri, ina buga lambobi kamar mai cike takardar ofis, sai bayan na danna in tuna ban duba maƙwabcin gabas ba. A NES, a 'yan daƙiƙoƙin da nake gina adadin, nakan tambayi kaina ko da gaske ina son fitar da dakarun nan duka. Sau da yawa B nake dannawa in fasa. Ban ce da gangan aka tsara shi haka ba, ƙarancin maɓallai ne ya jawo. Sai dai sakamakon ke nan a wurina, na fi daɗewa a raye a NES.

Allon ma ya matse. PC-8801 tana da ɗigo 640 a faɗi, Famicom 256 kawai, don haka abin da kwamfuta ke shimfiɗawa a fili sai an takura shi a nan. A na Turanci an daddatse kalmomi, wasu sunayen umarnin sai ka gwada ka ga me suke yi kafin ka gane nufinsu. Fuskokin sarakunan kuwa sun ba ni mamaki. Da 'yan launukan da na'urar ke iyawa an fitar wa kowa kamanninsa, har yau idan aka ambaci Takeda Shingen ko Uesugi Kenshin waɗannan 'yan hotunan ne ke fara zuwa min. Akwai kuma jira. Idan ka gama naka, na'urar sai ta yi wa sauran larduna tunani ɗaya bayan ɗaya, kuma ba gaggawa take yi ba. Shawarata ga sabon shiga: ka shiga wurin saituna ka kashe kallon yaƙin wasu tun da wuri, in ba haka ba za ka tsufa tare da sarkinka.

Kiɗan na Yoko Kanno ne, tun tana farkon sana'arta, kafin ta yi suna a kiɗan fina-finan zane na Japan. Muryoyin NES sirara ne, amma karin ya tsira. Awa uku kana jin abu ɗaya yana maimaituwa, ya kamata a ce ya gundure ka, ni dai sai na tsinci kaina ina bin sa da fito a wurin aiki.

Kaset ɗin yana da batir a ciki don adana wasa, abin da ya zama dole ga gem ɗin da ke cin makonni. Wanda zai sayi tsohon kaset yau ya sani batirin ya haura shekara talatin. Nawa na hannu ne na saya, mai sayarwar ya rantse min yana riƙe wasa. Na kai larduna goma sha ɗaya da Oda, na kashe na'ura, washegari na kunna na tarar ba komai, kamar ban taɓa zuwa duniya ba. Sai da na sa aka buɗe shi aka canza batirin. Kuma a riƙa danne maɓallin Reset yayin kashe na'urar, kamar yadda ake yi wa yawancin kaset masu batir na zamanin.

Inda na NES ya yi wa na kwamfuta fintinkau shi ne zama da mutane. Kwamfuta kujera ɗaya gare ta, mutum ɗaya ke fuskantar allo. Talabijin kowa na gani. Mun yi wasa mu huɗu, abin riƙewa ɗaya na zagayawa hannu zuwa hannu, kuma tunda duk umarnin da ka bayar a gaban kowa kake ba da shi, babu sirri. Kana ƙara dakaru, maƙwabcinka na kallo yana murmushi. Rabin wasan sai ya koma baki: roƙo, barazana, alkawuran da ba mai niyyar cikawa. Ƙanina ya riƙe Tokugawa a Mikawa, ni ina Owari, kafaɗa da kafaɗa kamar yadda suke a tarihi, inda ƙawancen gidajen biyu ya kai shekara ashirin. Namu bai kai shekara uku na cikin gem ba. Ranar da ninjansa suka gama da Nobunaga na, ko kallona bai yi ba, ya ce, "Yaya, haƙuri za ka yi, siyasa ce." Sannan ya taya Owari a gwanjo da kuɗin da na ba shi na yarjejeniya.

Aibobinsa na gaske guda biyu ne a wurina, kuma duk na asalin gem ɗin ne, ba na mayarwar ba. Na farko, kai kaɗai ne mutum a ƙasarka. Babu hafsoshi masu suna a ƙarƙashinka, babu Hideyoshi da zai taso daga ɗan talaka ya zama babban kwamanda, dakaru lambobi ne kawai. Sai a gem ɗin da ya biyo baya, wanda ya iso NES da sunan Nobunaga's Ambition II, aka shigo da su. Na biyu, wasan yana ƙarewa tun kafin ya ƙare. Shekaru goman farko su ne masu zaƙi, lokacin da kuskure ɗaya ke iya kai ka ƙasa. Da ka mallaki kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙasar babu mai iya tare ka, saura aikin jigilar shinkafa da dakaru ne daga baya zuwa bakin daga. Akwai damar miƙa wa na'ura ragamar wasu larduna ta tafiyar maka, yana rage wahala, sai dai ba ta iya tattali ba.

Masu son tarihi kuma za su ga an ɗan yi sassauci da sunaye. A 1560 Ieyasu bai zama Tokugawa ba tukuna, Matsudaira Motoyasu ake kiransa, shi ma Kenshin lokacin Nagao Kagetora ne. An ba su sunayen da duniya ta san su da su. Ban ga laifi ba.

An sake mayar da wannan gem ɗin kan na'urorin gem na Mega Drive da Super Famicom a 1993, da hotuna masu kyau da saurin da ya fi na NES. Wanda bai taɓa buga shi ba kuma ba shi da haƙurin jira, can zan tura shi. Wanda zai buga shi kaɗai yana son ya gama da wuri, ya nemi na kwamfuta. Na NES na mai abokan zama ne da dogon dare. Ko wanne ka ɗauka, ka fara da wasan larduna 17, mataki na 1, ka zaɓi Oda ko Takeda, ka ba talakawa shinkafa kafin ka sayi bindiga ko ɗaya.

Hida kuwa na koma mata sau bakwai a mataki na 5. Mafi nisan da na kai shi ne kakar 1563, da larduna biyu da bashin ɗan kasuwar da na rantse ba zan sake ci ba. Ƙanina ya ce ranar Asabar zai zo mu gwada na takwas, shi zai riƙe Takeda.